Karaya da katin inshora: Dala, asibitin koyarwa ko asibitin kuɗi?

Ranar wata Asabar da yamma adaidaita sahu ya bugi ƙanena a kan babur, yana dawowa daga cefane. Ƙashin cinyarsa ta dama ya karye gida biyu, amma Allah ya taƙaita bai huda fata ba. Waɗanda suka ɗauke shi suka nufi asibiti mafi kusa, aka yi dace nan ne katin inshorarsa yake. Ko da na iso an yi masa allurar kashe zafi, an ɗauki hoto, an ɗaura wa ƙafar nauyi. Likitan da ke bakin aiki ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya nuna mini inda ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, ya ce, "Yallaɓai, wannan aikin ƙarfe ne. Mu nan ba mu da likitan ƙashi, sai dai mu tura ku."

Daga wannan daren wayata ba ta huta ba. Kowa da likitansa. Kawu ya ce akwai wanda ya yi wa ɗan maƙwabcinsa aiki, ko ɗingishi yaron ba ya yi. Gwaggo ta ce a ɗauko shi a kai shi ƙauye wurin mai ɗori kafin a yanke masa ƙafa. Muka ɓata kwana biyu cur muna bin sawun likitan da Kawu ya yaba, har muka same shi, mutum mai kirki, ya duba hoton ya ce zai iya yin aikin jibi. Sai a teburin biyan kuɗi muka gane asibitin da yake zuwa da yamma ba ya cikin jerin kamfanin da ke riƙe da inshorar ƙanena. Kwana biyun nan, da ƙanena ya yi su a kwance yana cije baki, su suka sa nake wannan rubutu.

Abin da muka jahilta shi ne inshorar lafiya a ƙasar nan ba ta san sunan likita ba. Asibiti ta sani, da irin aikin da ta amince wa asibitin ya yi. Likita ɗaya zai iya yi maka aiki da safe a asibitin gwamnati inshora ta biya, da yamma kuma ya yi wa wani irin wannan aikin a asibitin kuɗi a ce ya kawo kuɗinsa lakadan. Don haka wanda ya fara da tambayar "wane likita ne ya fi iyawa?" ya fara daga wutsiya.

Tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda aka yi dokarsa a 1999, ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS, sannan dokar 2022 ta mayar da shi NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, hawa-hawa yake. Akwai asibitin da ka zaɓa ranar rajista, inda fayil ɗinka yake. Shi ana ba shi wani tsayayyen kuɗi duk wata a kan kowane mutum, ko ka je ko ba ka je ba, da shi yake duba zazzaɓi da ɗinkin rauni da ɗan targaɗe. Aikin ƙashi na sosai yana hawa na biyu, inda ake biya gwargwadon abin da aka yi, kuma ba a hawa can sai da abu biyu: takardar turawa daga asibitinka, da lambar izini, wadda kowa a asibiti ke ce wa kod, daga kamfanin da ke riƙe da inshorarka, wato HMO. Sannan hukuma tana tantance asibiti ne fanni-fanni. Za ka ga allon NHIA a ƙofar asibiti, alhali haihuwa da tiyatar ciki aka amince masa, ƙashi ba ya ciki. Tambayar da ya kamata ka yi wa jami'in inshorar asibitin ke nan, kalma-kalma: "An tantance ku a fannin ƙashi? Kuna karɓar kod ɗin kamfani kaza?"

Namu kod ɗin sai da ya kwana ya wuni. Hatsarin ya faru kafin umarnin da NHIA ta bayar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2025, cewa kamfani ya ba da kod cikin awa ɗaya da nema, in kuma akwai dalilin hanawa ya faɗa cikin wannan awar. A aikin gaggawa kuwa ba a jiran kod, a fara magani a nemo shi cikin awa 48. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ka riƙe waɗannan biyun a ka, domin ranar da za ka buƙace su ba ranar bincike ba ce. Ka rubuta lokacin da aka aika neman kod, da sunan wanda ya ɗauki wayarka a kamfanin. In awa ta wuce shiru, ofishin NHIA na jiharka yana karɓar ƙorafi.

To, an ba ka takardar turawa. Ina za ka nufa?

Mutumin Kano da kewaye, abin da zai fara zo masa a rai Asibitin Ƙashi na Dala ne, kuma da dalili. Tun 1959 yake, kuma an daɗe asibitocin ƙashi na tarayya uku ne kacal a ƙasar nan, shi da na Igbobi a Legas da na Inugu, kafin a ƙaro wasu a 'yan shekarun nan. Falalarsa ita ce ƙashi ne babban aikinsa. Ɗakunan tiyatarsa yawanci na masu ciwon ƙashi ne. Masu sa siminti sana'arsu ke nan da suka karanta, ma'aikatan jinyarsa sun san yadda ake juya mai karayar ƙugu ba tare da an goce masa ba, sashen gashin ƙashi yana nan, wurin ƙera ƙafar roba da takalman gyara yana nan. Karayar da wani likita zai gani sau ɗaya a shekara, a nan ana ganinta duk mako. A aikin hannu irin tiyata wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hannun da ya saba shi ne hannu.

Abin da ke tafe da wannan falala shi ne cunkoso. Daga Jigawa da Katsina da Bauchi da Yobe ake zuwa, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Wanda ya zo jini na zuba za a karɓe shi, amma mai ciwon gwiwa na shekara uku, ko wanda ƙashinsa ya haɗe a karkace yana so a gyara, layi zai bi, kuma layin zai iya kai shi makonni ko watanni. Ga kuma yajin aiki, wanda ya shafi duk asibitocin tarayya: na likitoci masu neman ƙwarewa da aka yi a 2021 sai da ya ci wata biyu. Wanda aka sa wa rana a irin wannan lokaci sai dai haƙuri.

Asibitin koyarwa, kamar Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, ko na Shika a Zariya, ko na jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Jos, ƙarfinsa a wani wuri yake. Shi majinyaci ba ƙashi kaɗai ba ne. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, sau da yawa tana da hawan jini, ko suga, ko zuciyar da ta gaji. Karayar ƙugu a tsoho ana so a yi aikinta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin doguwar kwanciya ita ke jawo ciwon huhu da gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiya. Kafin a sa mata maganin barci dole likitan zuciya ya gan ta, a saita sugan, a tanadi jini, a san akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman in ta kama. A asibitin koyarwa duk waɗannan a harabar guda suke, kiran waya ne tsakani. Haka wanda ya yi hatsarin mota ya bugu a ka, ko ciki ya fashe, ga kuma karaya. Haka mai sikila, kuma muna da su da yawa a gidajenmu: kan ƙashin cinyarsu yakan mutu saboda jini ba ya isa wurin, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya koma tafiya da sanda, har a kai ga canja masa ƙugu. Irin wannan aiki ba na likitan ƙashi shi kaɗai ba ne, sai da likitan jini a gefensa kafin aiki da bayansa. Ni da a ce ɗana ne, asibitin da ke da su biyun zan kai shi ko da layinsa ya fi tsawo.

Rauninsa kuwa, ɗakin tiyata na kowa ne. Sashen ƙashi yana da ranakunsa, kuma in aka kawo mai naƙuda da ke zubar da jini ko wanda hanjinsa ya toshe, naka aikin ne za a ɗaga. Mutum zai kwana da azumi, a sa masa rigar tiyata, azahar ta yi a ce sai mako mai zuwa. Sannan a asibitin koyarwa, da Dala ma, ba likita ɗaya ke riƙe da kai ba, tawaga ce: babban likita a sama, manyan masu neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa, su ne za ka fi gani, kuma sukan yi aikin da hannunsu yana duba su. Mutane na jin haushin wannan, suna cewa an ba yara su koya a kansu. Ni ban ɗauke shi aibu ba. Wanda ya kai matakin ƙarshe a horon ya yi shekaru yana wannan aiki dare da rana, kuma shi za ka samu ƙarfe biyun dare in zazzaɓi ya rufe majinyacinka. Haƙƙinka dai shi ne ka san sunan babban likitan da fayil ɗin ke ƙarƙashinsa, ka kuma tambaya ko zai kasance a ɗakin ranar aiki.

Asibitin kuɗi abin da yake sayarwa shi ne lokaci. Ka ga likita yau, a yi gwaji gobe, a yi aiki jibi, ɗaki da fanka ko na'urar sanyi, mai jinya ya samu wurin shimfiɗa. Sau da yawa ma likitan shi ne dai wanda ke asibitin gwamnati da safe. In kamfaninka ya amince da asibitin a fannin ƙashi, kuma karayar mai sauƙi ce a jikin mai lafiya, ban ga laifin zuwa ba. Sai dai a nan ne aka fi samun saɓani a kan kuɗi. Farashin da inshora ke biya a jadawalinta daban, abin da asibitin ke caji a kasuwa daban, sai ka ji ana maganar ciko. A tsarin tarayya, abin da aka san mai kati yana biya a kan aikin da ke cikin jadawali shi ne kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Duk wani ciko da ya wuce wannan, ka nemi a rubuta maka na mene ne, ka kira kamfaninka kafin ka biya. Bayan ka biya, dawo da kuɗi aiki ne ja.

Kuma kada fenti da tayil su ɗauke maka hankali. Ka tambaya ko suna da na'urar hoton ƙashi ta cikin ɗakin tiyata, wadda likita ke gani da ita yana saka ƙarfe, domin akwai ayyukan da ba sa yin kyau sai da ita. Ka tambaya wa zai ba da maganin barci. Ka tambaya in an buƙaci jini daga ina zai zo, kuma cikin minti nawa. Mafi muhimmanci, likitan ƙashin nasu ne ko ɗauko shi ake yi? In ɗauko shi ake yi, wa zai duba ciwon ranar da ya yi tafiya? Asibitin da ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, alama ce mai kyau.

Asibitocin jiha, irin su Murtala da Nasarawa a Kano, su ne ƙofar da ta fi buɗuwa ga ma'aikacin jiha mai katin taimakekeniya, wato inshorar lafiya ta jiha. Zan dawo kansu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: ƙarfe. Ranar da kod ɗinmu ya fito muka yi hamdala, muka ɗauka an gama. Washegari a asibitin da aka tura mu wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini 'yar takarda ta ce, "Yaya, ga abin da za ku kawo kafin a sa shi a layi." Sandar ƙarfe ce da ake zurawa cikin ɓargon ƙashin cinya, da kusoshinta. Na ce ai muna da kod. Ta ce kod ɗin na aiki ne da gado da maganin barci, ƙarfe ba ya ciki. Kuɗinsa ya fi albashin ƙanena na wata biyu. Sai da muka yi karo-karo a gida, matarsa ta sayar da 'yan kunnenta.

Ƙarafunan nan, faranti ne ko kusoshi ko sanda ko ƙugun roba da ƙarfe, daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. A lissafin asibiti kuɗin aiki daban ake rubuta shi, kuɗin ƙarfe daban, kuma tsare-tsaren inshora da yawa ko dai ba sa biyan ƙarfen, ko su biya wani kaso, ko su sa iyakar da ba ta kai ba. Canjin gwiwa da canjin ƙugu gaba ɗaya su ne aka fi cirewa daga abin da inshora ke biya. Saboda haka in kana gwada asibiti biyu, kada ka tsaya a kan wanne ne ke karɓar katinka, tunda wataƙila duka suna karɓa. Ka sa kowanne ya rubuta maka kalar ƙarfen da za a sa, da kuɗinsa, da wanda zai biya. A nan za ka ga bambancin gaske, wani lokaci har ninki. Ka tambaya ko asibitin ne ke samar da shi ko dillali za a haɗa ka da shi, kuma ka roƙi a liƙa takardar shaidar ƙarfen a fayil. In aka zo cire shi bayan shekara ɗaya ko biyu, likitan da zai cire yana buƙatar sanin irinsa don ya zo da makullan da suka dace. Cirewar ma tiyata ce mai zaman kanta, da nata kod ɗin.

Wasu in kuɗin ƙarfe ya gagara sai su zaɓi a rataye ƙafar da nauyi har ƙashin ya kama. Hanya ce da likitoci suka sani, kuma tana aiki, amma babban mutum zai yi wajen wata biyu ko fiye a kwance a gado ɗaya. A ƙa'idojin da aka daɗe ana aiki da su tun zamanin NHIS, kwanciyar da inshora ke ɗauka kwana 21 ne a shekara, an ɗaga wa masu ciwon ƙashi zuwa mako shida. Abin da ya haura daga aljihunka ne. Ka haɗa da abincin mai jinya, da kuɗin mota kullum, da sana'ar da ta tsaya, da gwiwar da za ta sandare sai an sha gashi, ka ga arhar ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙanena da aka sa masa ƙarfe, kwana uku da aiki aka tsayar da shi a kan sanduna. A waɗancan ƙa'idoji dai, manyan hotuna irin CT da MRI rabi inshora ke biya, abin da mai ciwon baya ya kamata ya sani tun kafin a rubuta masa. Gashin ma yawanci ana ƙayyade sau nawa za a yi, don haka asibitin da za ka iya zuwa sau biyu a mako ba tare da kuɗin mota ya karya ka ba ya fi wanda ke wani gari, komai sunansa.

Duk wannan kuma ya danganta da irin katin da ke hannunka. Na ma'aikacin tarayya ya ɗauki shi kansa, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka dubi gidajenmu: amarya ba ta ciki, ɗa na biyar ba ya ciki, Hajiya da Baba ba sa ciki, sai in an yi musu rajistar ƙari an biya. Ga shi kuwa tsofaffi su ne masu karayar ƙugu, yara su ne masu faɗowa daga mangwaro. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana da tsarin GIFSHIP na NHIA, wanda mutum ke biya wa kansa ko iyalinsa duk shekara. Amma akwai lokacin jira tsakanin rajista da fara amfani, don haka ba a yanka shi ranar da aka karye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Katin jiha, kamar na Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Kano ko takwarorinta na Kaduna da Jigawa da Katsina, kowace da nata jadawalin, kuma ƙarfinsa a cikin jihar yake. Malamin firamare daga wata jiha da ke son a yi masa aiki a Dala kada ya hau mota sai ya ji daga bakin hukumarsa cewa za ta biya a can, kuma an rubuta sunan asibitin a takardar. In ba haka ba zai isa ne a matsayin mai biya da kansa. Ga irin wannan mutum, babban asibitin jiharsa da ke da likitan ƙashi shi ne mafarin, in aikin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura shi gaba da takarda mai ƙarfi.

Katin kamfani mai zaman kansa, irin na ma'aikatan banki da kamfanonin waya, ya fi buɗe ƙofar asibitocin kuɗi, amma yana da aji-aji, kuma kowane aji da iyakar kuɗin tiyata a shekara. Wanda ya saya wa kansa sau da yawa sai ya jira har shekara kafin a yarda da tiyatar da ba ta gaggawa ba, kuma ciwon da ya shigo da shi ana iya cewa ba ya ciki. Ka nemi cikakkiyar takardar tsarin, ba 'yar tallar ba, ka nemo shafin abubuwan da ba a biya. Wanda kuma ya ji rauni a bakin aiki, a masana'anta ko wurin gini, nasa hanyar daban ce: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, kuma ta hannun wurin aikinsa ake bi. Yana da kyau a faɗi gaskiyar inda abin ya faru tun a fayil na farko.

Sai bayan ka tace asibitocin da katinka ke shiga ne maganar likita ta zo, kuma tana da muhimmanci. Ba duk mai yin tiyata ne likitan ƙashi ba. Ƙwararre shi ne wanda bayan digirin likita ya yi shekaru biyar zuwa shida na horo a fannin, ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, za ka ga FWACS ko makamancinsa a bayan sunansa, kuma yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Su ma a cikinsu akwai wanda ya fi karkata ga ƙashin baya, wani ga yara, wani ga canjin gaɓa. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan aikin kana yawan yin sa? In ba a yi ba me zai faru? Yaushe zai taka?" Likitan da ya zauna ya zana maka a takarda, ya gaya maka abin da zai iya ɓaci kamar shigar ƙwayar cuta ko ƙin haɗewar ƙashi, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce kada ka damu kawai.

Ban manta da Gwaggo ba, domin a gaskiya babban abokin takarar duk asibitocin nan shi ne mai ɗori. Mutane na zuwa wurinsa saboda yana kusa, yana karɓar abin da ya samu, ba ya tambayar kod, kuma gadon gidansu ne da aka sani tun kakanni. Tsoron da Gwaggo ta faɗa, na a yanke ƙafa, shi ke korar mutane da yawa daga asibiti. Abin da ba a faɗa shi ne yadda ake kaiwa ga yankewar. Gaɓar da ta karye kumbura take yi. In aka ɗaure ta tam da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya matse jijiyoyin jini, cikin sa'o'i naman ya fara mutuwa. Sai an kwana uku ko huɗu, yatsu sun yi baƙi, sannan a kwaso yaro a kawo asibiti, a lokacin ba abin da ya rage sai a ceci ransa. Daga nan labari ya koma gari cewa asibiti sun yanke masa hannu. Karayar gwiwar hannu a yara tana cikin waɗanda suka fi shiga wannan hatsari. Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka yi sanyi ko suka daina ji ko suka canja launi, ko a ɗori ne ko a simintin asibiti, a kwance a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya. Karayar da ta huda fata, da ta ƙugu, da ta cinyar babba, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da ta baya, waɗannan ba na ɗori ba ne ko kaɗan. Mai kati da ya fara zuwa ɗori don gudun wahalar kod, in abin ya ɓaci zai dawo ne da aikin da ya ninka na farko tsada, ga makonnin kwanciyarsa shida ba za su ishe shi ba.

Da za a sake, ga yadda zan yi. In jini na zuba ko ƙashi ya fito, babban asibiti mafi kusa da ke da sashen gaggawa, kod ya biyo baya. In karaya ce kawai a jikin mai ƙarfi, ko ƙashin da ya haɗe a karkace, ko ƙafar yaro da ke buƙatar gyara, ko ana neman ƙafar roba, Dala zan fara tambaya. In tsoho ne mai wasu cututtuka, ko mai sikila, ko an bugu a wuri fiye da ɗaya, asibitin koyarwa. Asibitin kuɗi kuwa sai in layin gwamnati zai cutar, kuma na ga amsoshin tambayoyina da lissafin ƙarfe a rubuce, kamfani ya tabbatar.

Ƙanena ya koma aiki bayan wata huɗu, da sanda ɗaya, yanzu ya ajiye ta. Bayan an sallame shi ya cika takardar canja asibitinsa na farko, abin da tsarin tarayya ya yarda a yi bayan wata shida, ya koma wanda ke da sashen ƙashi a cikinsa don turawa ta zama daga wannan ofis zuwa wancan. Ya kuma yi wa mahaifiyarmu rajista. Ƙarfen yana nan a cinyarsa, likita ya ce a bar shi tukuna sai an sake hoto bayan sallah.